Idan Rini Ya Ɓaci a Kai: Yadda Ake Gyara Launin Gashi Ba Tare da An Kashe Shi Ba

Yawancin kawunan da ake kawowa shagon gyaran gashi don a gyara launi, ba rini ɗaya ne ya ɓata su ba. Na farko ya fito ba yadda ake so ba, aka yi gaggawar ɗora na biyu don a rufe shi, na biyun ya ƙara dagula lissafi, sai aka ɗauko hodar bilic, wadda ke cire wa gashi duhu. Kafin kan ya iso hannun wadda ta san aiki, sili guda yana ɗauke da launi uku: gindi ruwan lemo, tsakiya ja, baki kuma baƙi ƙirin yana kakkaryewa a jikin mataji. A irin wannan kai, aikin farko shi ne a gane abin da ke cikin gashin. Kwalin rini sai daga baya.

Silin gashi yana da ɓawo a waje, jere kamar ɓawon kifi, sannan akwai tsokar ciki inda launin halitta yake zaune. Launin nan iri biyu ne, ɗaya baƙi zuwa ruwan ƙasa, ɗaya ja zuwa rawaya. Rini mai zama yana aiki ne da abu biyu: amoniya ko makamancinta da ke kumbura gashin ta ɗaga ɓawon, da kuma ruwan haɗi, wanda ’yan shago ke kira difelofa, da ke cinye wani ɓangare na launin halitta ya kuma haɗa ƙananan ƙwayoyin rinin su girma a ciki yadda ba za su iya fitowa ba. Ƙarfin ruwan haɗin a rubuce yake a jikin kwalba: mai lamba 10 kashi 3 cikin 100 ne, mai 20 kashi 6, mai 30 kashi 9, mai 40 kashi 12. Mai 10 kusan zuba launi kawai yake yi, mai 20 yana ɗaga mataki ɗaya zuwa biyu, mai 30 biyu zuwa uku, mai 40 uku zuwa huɗu.

Matakan nan goma ne, 1 baƙi ƙirin, 10 mafi haske. Gashin yawancinmu yana tsakanin 1 da 3. Idan aka fara cire masa duhu, ba ya tsallakewa daga baƙi zuwa fari, hanya ɗaya yake bi kullum: ja mai duhu har zuwa mataki na 4, ja mai ruwan lemo a 5, ruwan lemo a 6, lemo mai rawaya a 7, rawaya a 8 da 9, sai rawaya mai haske kamar cikin ɓawon ayaba a 10. Duk wadda ta haddace wannan jeri ta san rabin aikin gyara, domin ruwan lemon da ake kuka da shi bayan bilic ba wani abu ne ya lalace ba, gashin ne ya tsaya a mataki na 6.

Akwai ƙa’ida guda da ake yawan takewa: rini ba ya ɗaga rini. Idan gashi ya sha baƙin rini, ko an shafa masa rini mai lamba 8, wato na mataki na 8, da ruwan haɗi mai 40, inda tsohon rinin yake ba zai motsa ba. Sabon tohon da ke gindi ne kaɗai zai yi haske, a tashi da kai mai wuta a tushe da duhu a ƙasa.

Tambaya kafin taɓawa

Gashi yana tsiro kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da kwata a wata. Ke nan gashin da ya kai santimita 25, bakinsa ya shekara biyu a kai, kuma duk abin da aka shafa a shekaru biyun yana nan. Kwastoma za ta ce ba ta taɓa rini ba, kuma ba ƙarya take yi ba, a wurinta lalle ba rini ba ne, dayis ɗin da aka shafa wa furfurar goshi lokacin biki ma ta manta da shi. Don haka ba a tsayawa a tambaya ɗaya. A bi su dalla-dalla: “Hajiya, yaushe rabonki da lalle a kai? Na gida ne da aka daka, ko na kwali? An taɓa sa miki dayis? Yaushe aka sa rilaksa na ƙarshe? Da wane ruwa kike wanke kai?”

Batun lalle ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ilimin da aka koyo daga kwalin Turai yake gazawa a shagunanmu. Jan da ke cikin ganyen lalle yana manne wa furotin ɗin gashi ne kai tsaye, ya zama kamar wani ɓangare na silin. Maganin cire rini ba ya fitar da shi. Bilic yana rage shi kaɗan, amma sai ya bar ruwan lemo mai taurin kai da ba ya wuce wani mataki, duk yadda aka maimaita. Idan kuma lallen an haɗa shi da baba don ya ba da baƙi, bilic zai cinye duhun halitta ya bar shuɗin baban a kan rawaya, kan ya fito kore. Mafi haɗari shi ne lallen kwali da wasu rinin rufe furfura masu gishirin ƙarfe a ciki, irin su dalma, azurfa ko tagulla. Idan waɗannan suka haɗu da ruwan haɗi, gashin yana ɗaukar zafi, yana iya hayaƙi, ya narke a hannu.

Gwajin wannan ba shi da wuya. A zuba mililita 40 na ruwan haɗi mai 20 a kofin gilashi ko na roba, a ƙara mililita 2 na ruwan amoniya, a yanko ’yan silai daga ƙeya a tsoma na minti 30. Idan gashin ya ɗan yi haske a hankali ba tare da wani abu ba, babu ƙarfe. Idan ya canja launi nan take, ko ruwan ya fara kumfa da zafi da wari, ko silin ya ruɓe, to duk wani abu mai ruwan haɗi ya haramta a kan nan har sai gashin ya tsiro an yanke tsohon.

Gwaji na biyu na ƙarfin gashi ne. A jiƙa sili, a ja shi a hankali tsakanin yatsu. Lafiyayye zai miƙe kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa ya koma. Wanda ya miƙe bai koma ba, ko ya yi danƙo kamar cingam, ko ya tsinke tun ba a ja ba, ba zai ɗauki bilic ba ko da mai rauni ne. Sannan a bi silin da yatsu daga baki zuwa gindi: idan ana jin kaushi, ɓawon a buɗe yake, kuma irin wannan gashi yana zuƙe rini da sauri, ya fito da duhu fiye da lambar kwali, ya kuma zubar da shi cikin wanki kaɗan.

Na uku gwajin fata ne, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa saboda kwastoma tana sauri. Yawancin rini mai duhu yana da sinadarin PPD, wanda shi ne kuma ake zubawa a baƙin lalle don zanen hannu ya yi baƙi da wuri. Dokar Tarayyar Turai ta iyakance shi a kashi 2 cikin 100 a rinin gashi bayan an haɗa, amma na zanen hannu sau da yawa ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma yana daɗewa a kan fata. Macen da hannunta ya taɓa ƙuraje ko kumburi bayan dayis, jikinta ya riga ya san sinadarin, ranar da aka sa mata a kai abin zai iya kai ta asibiti da kumburin fuska da ido. A shafa ɗan rinin a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu, a jira sa’o’i 48. Ƙaiƙayi, ja ko kumburi yana nufin a fasa. Wannan ba abin da za a ɗaga wa kowa ƙafa ba ne, ko da amarya ce gobe ɗaurin aure.

Bayan waɗannan, sai a gwada haɗin da aka yi niyya a kan ɗan tsagi guda a ɓoyayyen wuri. Shi zai faɗi minti nawa ake buƙata da kuma inda gashin zai tsaya.

Idan ya yi duhu fiye da kima

Wannan ita ce matsalar da aka fi kawowa, musamman ga masu rufe furfura a gida, da suke shafa baƙin rini daga gindi har baki duk wata. Gindin sau ɗaya ya sha, bakin ya sha sau ashirin. Idan rinin sabo ne, kwana ɗaya ko biyu, kuma duhun mataki ɗaya ne, wanki biyu ko uku da shamfu mai ƙarfin wanke datti da ruwan ɗumi yana rage shi. Wasu suna daka ƙwayar bitamin C su cuɗa da shamfu, su rufe kan da leda na minti 20 zuwa 30. Yana taimakawa kaɗan, amma yana busar da gashi.

Idan rinin ya zauna, maganin cire rini ne ya kamata ya riga bilic. Shi wannan, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai saboda sinadarin farar wuta da ke ciki, ba ya taɓa launin halitta. Yana farfasa ƙwayoyin rinin ne su koma ƙanana yadda ruwa zai iya fitar da su. Ana haɗa kwalabensa biyu daidai wa daida, a shafa nan take a busasshen gashi, a fara daga inda ya fi duhu, a rufe na kimanin minti 20 ko yadda kamfanin ya rubuta. Inda ake faɗuwa shi ne wurin ɗauraya. Ƙwayoyin suna nan a ciki, sun ƙanƙance ne kawai, idan ba a fitar da su ba za su sake haɗuwa, washegari kan ya koma baƙi. A wanke da shamfu sau uku ko huɗu, a ɗauraye da ruwan ɗumi na minti 15 zuwa 20 cur. Sai a ɗiga ruwan haɗi mai 10 a tsagi guda a jira minti biyar: idan ya yi duhu, da saura, a maimaita.

Abin da zai bayyana bayan haka ja ne ko ruwan lemo, kuma ya kamata a gaya wa kwastoma tun kafin a fara. Ruwan haɗin da ke cikin tsohon rinin ya riga ya ci launinta na asali, ba za ta ga gashin da aka haife ta da shi ba. Kuma gashin a wannan lokaci a buɗe yake, don haka rinin da za a ɗora a zaɓi wanda ya fi abin da ake so haske da mataki ɗaya ko biyu, da ruwan haɗi mai rauni.

Idan da sauran duhu kaɗan, akwai wankin bilic: giram 30 na hoda, mililita 30 na ruwan haɗi mai 10 ko 20, mililita 30 na shamfu, a shafa a jiƙaƙƙen gashi ana murzawa a hankali, ana kallo, minti 5 zuwa 15. Ba a barin kwastoma a tafi wani aiki.

Cikakken bilic kuwa, yawanci hoda ɗaya ne ruwan haɗi biyu, a auna da sikeli, a kwanon roba, domin kwanon ƙarfe yana ɓata haɗin. A kan fatar kai kada a wuce mai 20. Mutane suna ɗauka mai 40 ya fi kai gashi nesa. Abin da yake yi shi ne sauri, ya ƙone ɓawon kafin cikin ya gama ɗagawa. Mai 20 da aka shafa da kauri a siraran tsagi, wanda bai fi rabin santimita ba, ya fi ba da launi iri ɗaya. Bilic yana aiki ne muddin yana da danshi, idan ya bushe ya mutu, shi ya sa a lokacin hunturu ko a ƙarƙashin fanka dole a rufe shi da foyil ko leda. A zafin bazara kuma yana gudu fiye da lokacin da aka rubuta, sai a riƙa dubawa duk minti biyar zuwa goma. Kada ya wuce minti 45 zuwa 50 a kai. Kuma kada a yi shi ranar da aka tsefe kitso, fatar kan tana da rauni da ƙananan ciwukan da ido ba ya gani. A ba ta kwana biyu ko uku. Idan gashin ya sha basilin ko man kitso mai kauri, a wanke kwana ɗaya ko biyu kafin ranar aiki, domin maiƙon yana tare haɗin ya sa launin ya fito dabbare-dabbare.

Ruwan lemo, rawaya da kore

Launuka suna kashe juna bibbiyu: shuɗi yana kashe ruwan lemo, shunayya tana kashe rawaya, kore yana kashe ja, ja yana kashe kore. Rinin daidaitawa da ake shafawa bayan bilic a kan wannan yake tafiya, ana haɗa shi yawanci rini awo ɗaya, awo biyu na ruwan haɗi mai rauni ƙwarai, ƙasa da mai 10, na minti 5 zuwa 20. Sharaɗinsa shi ne ya zama a matakin da gashin yake, ko ƙasa da shi. Gashin da ya tsaya a 6 mai ruwan lemo, rinin toka mai lamba 9 ba zai yi masa komai ba, launin da ke ciki bai kai ya rufe ba. Ko dai a sa mai shuɗi a mataki na 6, a karɓi ruwan ƙasa mai sanyi, ko a sake ɗaga gashin wani zama. Haka shamfu mai shunayya: na rawaya ne, a kan lemo asarar kuɗi ce.

A lura da lambar da ke bayan ɗigo a jikin kwalin rini, wadda ke nuna irin launinsa, domin kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kanta ba. A tsarin L’Oréal, 6 bayan ɗigo ja ne. A na Wella, 6 shunayya ce. Wadda ta saba da ɗaya ta ɗauki ɗayan da ka, za ta zuba ja inda take son kashe rawaya.

Kore yana zuwa ta hanya uku, kuma kowace da maganinta. Akwai na baba da aka ambata, wanda sai dai a rufe shi da launi mai ja da duhu. Akwai na ma’adinai: tagullar da ke ruwan wurin ninƙaya ko tsofaffin bututu tana sa gashi mai haske ya yi kore, ƙarfen da ke wasu ruwan rijiya da burtsatse kuma yana sa shi tsatsa. Wannan a saman gashi yake, shamfu mai cire ma’adinai ne maganinsa, kuma ya kamata a yi shi kafin kowane bilic, domin ƙarfen yana sa foyil ya ɗauki zafi ya kumbura. Na uku shi ne wanda mai aiki take jawowa da hannunta, idan ta mayar da gashi mai haske zuwa duhu kai tsaye. Gashin da ke mataki na 9 ya rasa jansa da lemonsa. Idan aka ɗora masa ruwan ƙasa mai lamba 5, shuɗin da ke cikin rinin zai haɗu da rawayar da ta rage, a sami launin ruwan kududdufi. Duk saukowar da ta wuce mataki biyu tana buƙatar ciko: a fara mayar da abin da aka cire. Daga 9 zuwa 5, a shafa rini mai ruwan tagulla da zinare a mataki na 6 ko 7 da ruwan haɗi mai rauni, minti 15 zuwa 20, a ɗauraye, a busar, sannan a ɗora na 5. Kan zai yi ja-ja-ja a tsakiyar aikin, kwastoma za ta tsorata idan ba a yi mata bayani ba, amma wannan jan ne zai riƙe launin ƙarshe ya hana shi zubewa.

Gindi mai haske da zobba

Santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na kusa da fatar kai yana samun ɗumin jiki, don haka yana ɗagawa da sauri. A gashin da bai taɓa rini ba, ana fara shafawa daga tsakiya zuwa baki, a bar gindi sai ƙarshe, da ruwan haɗi mafi rauni. Idan an riga an yi kuskuren, a shafa wa gindin kaɗai rini mai duhun mataki ɗaya, mai sanyin launi, a ja shi kaɗan da mataji ya shige cikin na ƙasa.

Zobba kuma, wato layukan launi da ke kewaye kai, suna fitowa idan an bar toho ya wuce santimita biyu kafin a sake bilic, ko an ɗora sabon haɗi a kan tsohon wuri. Gyaransu aikin haƙuri ne: kowane zobe da nasa haɗin, a shafa wa mai duhun kaɗai da ƙaramin buroshi, a kare mai hasken da man gashi mai kauri ko foyil. Inda bilic ya hau kan bilic, nan gashi yake tsinkewa.

Furfurar da ta ƙi kamawa ba ta da wahala sosai. Ɓawonta a matse yake kuma ba ta da launin da zai tallafi rinin. Idan ta wuce rabin kai, rabin haɗin ya zama daga jerin launin asali, mai sifili bayan ɗigo, da ruwan haɗi mai 20, a fara daga goshi da gefen kunne, a cika minti 45. Mai taurin kai a fara shafa mata ruwan haɗi mai 20 zalla na minti 5 zuwa 10, a goge da tawul, sannan rini.

Sai gashin da ya sha rilaksa. Rilaksa mai soda tana da ƙarfin alkali, wato kishiyar tsami, da ya kai 12 zuwa 14 a ma’aunin pH, alhali gashi yana zaune ne a 4.5 zuwa 5.5. Tana karya igiyoyin da ke riƙe da tsokar gashi, kuma waɗanda ta karya ba sa komawa yadda suke. Gashinmu dama a murɗe yake, kowace murɗa wurin rauni ce. Bilic a kan irin wannan gashi yana cin ragowar igiyoyin, shi ya sa amsar da ta dace ita ce a’a, ko da an zuba sinadaran ƙarfafa gashi irin su Olaplex a haɗin. Suna rage ɓarna, ba sa mayar da abin da soda ta cinye. Rini mai zama a jira aƙalla mako biyu bayan rilaksa, kada a wuce ruwan haɗi mai 20, kuma a sa ran zai fito da duhu a baki. Wadda take son launi mai haske a kan gashin rilaksa, a nuna mata gashin kanti na mutum da za a iya rinawa a kan tebur, shi ma bayan an gwada tsagi, domin da yawansa an riga an rina shi a masana’anta. Na roba kuwa ba ya karɓar rinin gashi sam.

Daga baƙin rini zuwa mataki na 8 tafiyar zama biyu ce ko uku, da tazarar mako huɗu zuwa shida a tsakani. A ƙarshen kowane zama a rufe da man gashi mai ɗan tsami da zai kwantar da ɓawon, a datse bakin da ya mutu, a sallami kwastoma da launin da za ta iya fita da shi, ko da ruwan ƙasa mai ɗumi ne. A tsakanin zaman a riƙa musanya abin ƙara furotin da abin ƙara danshi, domin furotin zalla yana sa gashi ya yi tauri ya karye, a kuma ajiye abin miƙar da gashi mai zafi da kitso mai ɗaurewa. A rubuta komai a kati: lambar rini, giram nawa, ruwan haɗi mai nawa, minti nawa, da matakin da kowane sashe na kan ya tsaya. Ranar da ta dawo, kafin a haɗa komai, a sake jiƙa sili a ja shi.